Gishirin da Na Zuba a Bahon Yayata

Ni dai Myron, kowa a garin nan ya san ba na son a koya mini aiki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar share dusar ƙanƙara a titunan gundumarmu, ina kwashewa ta gaba, ina watsa gishiri ta baya don kada titi ya yi santsi. Gishirin da ya bi ta hannuna, da za a tara shi wuri ɗaya, da ya ɗara cocinmu tsawo. Saboda haka idan ana maganar gishiri, ban ga wanda ya isa ya buɗe baki a gabana ba. Haka nake ji da kaina har watan Janairun bara, da Colette, mai gyaran bahunan ruwan zafi, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya.

Yayata Halina ta ba ni shekara shida. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a gidan da suka gina da hannunsu, ni kuma gidana yana tsallaken titi. Ciwon gaɓoɓi ya murɗe mata yatsu, ya kama gwiwoyi da ƙugu, har ta kai idan ta farka da safe ko kofi ba ta iya riƙewa. Abin da ke tashin ta shi ne bahon ruwan zafin da mijinta ya kafa mata a barandar baya kafin ya kwanta ciwo. Kullum ƙarfe takwas nakan tsallako, in ɗaga murfi, in riƙe ta ta shiga. Minti ashirin a ruwan nan, sai ka ga mace ta fito da ƙafarta, ta shiga kicin ta ɗora tukunya, ta kuma sami ƙarfin yi mini faɗa har yamma. Ranar da ba ta shiga ba kuwa, a kujera take wuni.

Ruwan bahon ba kullum ake zubar da shi ba, yakan yi wata uku ko huɗu yana nan da zafinsa. Abin da ke hana shi lalacewa wata 'yar na'ura ce a ƙarƙashi. Ana zuba wani farin gishiri a ruwan, ruwan ya riƙa bi ta tsakanin wasu faranta masu ɗauke da lantarki, sai gishirin ya juye ya zama buromin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Colette ce ta saka na'urar, ita ce kuma ke zuwa duk wata uku ta duba. Ni aikina bai wuce in kalli fitilar da ke gefe ba: in kore ce lafiya, in ja ce a kira Colette. Har a jikin firij ta manna takarda ta rubuta haka da manyan baƙaƙe.

Halina ɗa ɗaya ta haifa, Taras, yana aiki a birnin Saskatoon. Da ya zo Kirsimeti ya ga ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, shi ke nan hankalinsa ya tashi. Ya koma ya nemo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ya ce zai dawo Asabar ɗin ƙarshen Janairu ya duba ta, in ya ga ba ta iya kula da kanta, da ita zai tafi. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki. Amma ni na san yayata. Idan aka raba ta da gidan nan, da kicin ɗinta da tagar da take hango kabarin mijinta, ba za ta ga bazara ba.

Saura mako biyu da zuwansa aka yi guguwar ƙanƙara da ta rufe babban titi kwana uku. A rana ta biyu na ɗaga murfi, sai na ga fitila ta koma ja. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi. Na'ura ce mai cin gishiri, ta yi ja, to me ya rage? Gishiri ya ƙare. Colette tana can nesa, titi a rufe, ga kuma buhun gishirin da nake watsa wa matakala a jingine a bakin ƙofa, taku uku daga bahon. Na ɗauko tsohon gwangwanin garin kofi na kamfata na zuba, sau huɗu. Fitila ta koma kore, na kaɗe hannuna ina jin daɗin kaina. Washegari fitilar ta mutu gaba ɗaya, ba kore ba ja, na ce ƙwanta ne ya ƙone, ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako guda ruwan ya dishe, ya fara wari kamar jiƙaƙƙiyar safa, jikin bahon ya yi yauƙi. Ranar Talata jajayen ƙuraje suka feso wa Halina a baya da cinyoyi. Nas ɗin asibitinmu ta ba ta man shafawa, ta ce ƙurajen za su bushe cikin 'yan kwanaki, amma kada ta ƙara kusantar ruwan nan sai an gyara shi, don maganin gaɓoɓin da take sha yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Halina da kanta ta ɗauki waya ta kira Colette, ni ina zaune ina kallon silin.

Da safiyar Alhamis ta iso a tsohuwar motarta, sanyi digiri talatin da huɗu ƙasa da sifili. Colette gajeriya ce, ta haura hamsin, jar hular sanyinta ba ta barin kanta. Ubanta mai haƙa rijiya ne, a bayansa ta tashi, kuma duk bahunan da ke ƙauyuka shida na yankin nan ita kaɗai ke kula da su. Abin da ya sa nake girmama ta, ko a lokacin da nake jin haushinta, shi ne ba ta fara aiki da akwatin kayan aiki. Ta cire safar hannu, ta tsoma hannu a ruwa, ta murza yatsu, ta kai hanci. Sannan ta leƙa ta ƙofa ta fara yi wa Halina tambayoyi.

"Anti Halina, wa ya shiga ban da ke?"

"Wa zai shiga? Wannan tsohon tsoron ruwa yake yi."

"Kin canza man shafawa? Sabulun wanki fa?"

"Ban canza komai ba, 'yar nan."

"In ruwa ya ragu, da me ake cikawa?"

"Tambayi injiniya, ga shi nan a bayanki."

Na ce da ruwan rijiya nake cikawa, da me kuma? Colette ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba ta tsoma ma'auninta, ta kalli lambar, ta girgiza shi ta sake tsomawa. Ta zaro matatar ruwan, ta shafa yatsa a ƙasanta, ta ɗago da ɗan yashi mai shuɗi-shuɗi. Na ga idonta ya sauka kan matakala, inda gishirin da na watsa da safe ya bar shuɗin tabo a kan ƙanƙara. Daga nan ya koma kan buhun, daga buhun ya dawo kaina. Sai ta ja ƙofar ta rufe, don kada sanyi ya shiga wa Anti, in ji ta, ta ce in zo in riƙe mata tocila.

Muka durƙusa a gefen baho, ta kwance marfin katako. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Kawu Myron, gwangwani nawa?"

"Gwangwanin me?"

"Kawu, yatsun ƙafata suna daskarewa. Gwangwani nawa?"

"Huɗu," na ce. Sai zuciya ta ɗebe ni. "To sai me? Gishiri ai gishiri ne. Tun kina rarrafe nake aikin gishiri!"

"Na sani. Duk titin da na biyo yau, kai ka koya wa masu share shi aiki." Ta kwance wani bututu, ta zaro farantan na'urar ta miƙo mini. Farin dutse ya lulluɓe su kamar cikin tsohuwar butar shayi. "Ka ga abin da ya sa fitila ta yi ja. Ruwan rijiyarku ne ya daskarar da wannan a jikinsu. Minti ashirin a ruwan tsami, da magana ta ƙare. Gishirina bai ƙare ba, Kawu, ba ya ma ƙarewa. In ya zama magani ya kashe cuta, sai ya koma gishiri, na'ura ta sake juya shi. Iyakar wanda ke tafiya shi ne wanda ya bi ruwan da ya fantsama waje. Naka kuwa na narkar da ƙanƙara ne, ga yashi, ga shuni. Na'ura ta ji ruwa ya yi mata nauyi, ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ta fi mu hankali. Kwana goma Anti tana jiƙa jikinta a miya mai ɗumi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce a hankali, "Za ki gaya mata?"

"Ruwa aka kira ni in gyara. Haska nan."

Maganar da ta biyo baya ta fi wannan ɗaci. Ba yadda za a tsamo gishirina daga ruwan, dole a zubar da shi duka. Kowa kuwa a ƙasar nan ya san ba a zubar da ruwan baho a Janairu. Da ruwan zafi ya fita, ɗan abin da ya rage a bututu zai daskare kafin awa ɗaya, ya fasa su. Tiyon rijiyar Halina kuma sai ya yi awa uku kafin ya cika bahon, da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, mai tsatsa, wanda zai ci kwana biyu bai yi zafi ba. Duk wani mai gyara da na sani cewa zai yi a rufe a jira Afrilu.

"Jibi fa Taras zai zo," na ce.

"Anti ta gaya mini a waya."

Muka shiga ciki. Halina tana kujera, kwana biyu ke nan ba ta shiga ruwa ba, hannuwanta a dunƙule a kan cinya. Ta sa na ɗumama wa Colette pirogin da ke firij, ƙullin fulawar nan mai cike da dankali. Colette ta zauna tana ci a hankali tana kallon tagar, har na fara tunanin ta manta da mu. Tana cinye na shida ta ajiye cokali.

"Kawu, a garin nan ruwan wa ya fi na kowa tsabta?"

Ni da Halina muka haɗa baki: "Arvid."

Arvid shi ne mai haɗa ƙanƙara a zauren da muke wasan tura dutse a kan ƙanƙara duk hunturu. Ruwansa sai ya bi ta na'urar tacewa har ya zama ba komai a cikinsa, sannan ya dafa shi da zafi kafin ya yayyafa a fili, wai ta haka ne dutse ke tafiya santal. Yana da tanki cike da shi a ɗakin baya. Kuma tun da nake ban taɓa jin ya ba wani ko kofi ɗaya ba. Na yi dariya na ce ta manta da wannan, ko limamin cocinmu ya roƙa don baftisma ba zai samu ba.

Ta buga masa waya a gabanmu, ta buɗe murya.

"Arvid, Colette ce. Lita dubu ɗaya da ɗari biyar nake so, mai zafi, gobe da tsakar rana."

"Kin haukace ne? Gasa gare mu ranar Lahadi!"

"Na Anti Halina ne. In ba ta shiga ruwa ba, ɗanta zai tafi da ita birni."

Shekara arba'in Halina ta yi tana dafa wa zauren nan abinci duk ranar gasa, kuma Arvid ba ya tashi sai ya ci faranti biyu. Can sai muka ji ya ce, "Wa zai tuƙo tankin? Kada ku ce mini Myron."

"Shi ne."

"Allah ya kyauta. Ku zo sha ɗaya da rabi."

Kafin ta tafi ranar ta zuba maganin wanke bututu a tsohon ruwan, ta bar famfo yana juyawa. Kumfa ruwan ƙasa ya riƙa tasowa, abin ƙyama, duk daga cikin bututun da nake cewa lafiyarsu ƙalau. Farantan kuma ta jiƙa su a kwanon ruwan tsami a kicin, suna ta ɓulɓula, ta hana ni kankare su da wuƙa.

Aikin Juma'a kuwa, da ina da hali da na tara matasan garin su zo su kalla. Na aro tankin ruwan shanu wurin maƙwabci, Colette ta sa na wanke shi sau uku, muka naɗe shi da tsofaffin barguna a bayan akori-kurata. Ta zaɓi tsakar rana, lokacin da sanyi ya ɗan sassauta. Tun kafin a taɓa ruwa ta jera komai a kan baranda yadda hannu zai kai: ƙaramin hita ta cusa shi ƙarƙashin baho yana hura wa bututu iska mai ɗumi, famfon zuƙe ruwa, injin shara mai tsotso, tsummoki a cikin bokitin ruwan zafi. Ta ce in kira ta idan na baro zauren, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba.

Arvid ya cika tankin yana gunaguni, yana cewa in na zubar da ɗigo ɗaya a hanya zai sani. Na kira ta, na taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina shan kwanar gidan, ruwan ƙarshe yana fita daga baho. Ta riga ta bi kowane ramin feshi da injin tsotso, tana ciki a durƙushe tana goge bango, gashin girarta ya yi fari da ƙanƙara. Na yi baya da mota har bakin baranda, na haɗa tiyo, na kama makunnin tankin zan murɗa. Ya ƙi. Ya daskare a hanya.

Na fara zagi, na ɗauko guduma. Colette ta diro daga baho, ta ƙwace gudumar, ta ɗauko fulas ɗin kofinta mai zafi ta tsiyaye shi duka a kan makunnin. Ta ƙirga goma, ta murɗa da yatsu biyu, sai ga ruwa. Ta cusa bakin tiyon ta ramin matatar ruwa, don ruwa ya fara cika bututu ya koro iska. Tururi ya turnuƙe barandar har ba na ganin fuskarta. Daga fitar tsohon ruwa zuwa shigar sabo, minti goma sha tara. Da ta kunna famfo ya yi tari sau biyu, sannan ya kama.

"Ka ci mini kofi, Kawu," in ji ta. "Je ka dafa wani."

Sauran aikin a natse ta yi shi. Ta ce ruwan Arvid ya yi tsabta da yawa, in aka bar shi haka zai ci ƙarfe, sai ta ƙara masa wasu garuka kaɗan-kaɗan tana gwadawa. Gishirin nata a sikelin kicin na Halina ta auna shi, ba da gwangwani ba, kuma ta tabbata ina kallo. Ta mayar da farantan sun yi fes, fitila ta kawo kore. Daga ƙarshe ta zuba magani mai ƙarfi don ya kashe duk abin da ya ɓuya a lungun bututu. Ta ce ba mai shiga sai ta dawo da safe ta gwada.

Ranar Asabar ƙarfe takwas tana baranda. Ƙurajen Halina sun bushe, ruwa garau har ana ganin ƙasan baho, zafinsa daidai. Na riga na ɗauko tawul. Colette ta tsoma ɗan tsinken gwaji, ta kara shi da launukan da ke jikin kwalba. Ya yi duhu sosai.

"Bai sauka ba. Maganin ya yi ƙarfi, zai ƙona mata fata."

"Minti goma kawai," na ce. "Sha ɗaya yaron nan zai iso. Ta shiga minti goma, ya same ta a tsaye, shi ke nan."

"A'a."

"Ke, bahon naki ne? Yayarki ce? Duk wahalar jiya ta mece ce in zai zo ya same ta a haka?"

"Fatarta kamar takardar albasa take, ga sabon tabo. In ta shiga yanzu, gobe a asibiti zai same ta." Ta buɗe murfin gaba ɗaya, ta kunna feshi don iska ta kwashe ƙarfin maganin, ta jawo kujera ta zauna a bakin matakalar bahon. "Kai ka zuba abin da ka ga dama sau ɗaya, Kawu. Yau nawa za a bi."

Na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Daga ciki sai muryar Halina: "Myron! Ka bar yarinya ta yi aikinta, ka zo ka ɗaga ni in je bayi."

Taras ya iso sha ɗaya saura. Ya sami uwarsa yadda na fi tsoro, kwana huɗu ba ruwa, a nannaɗe a kujera, kofin shayi a gabanta da tsinken zuƙa a ciki. Ta yunƙura za ta tashi ta rungume shi, jiki ya ƙi. Na ga fuskar yaron ta canza. Ta taga na hango bayan motarsa cike da kwalaye a ninke, irin na kwashe kaya.

"Kawu," ya ce, "haka Mama take, kuke ce mini lafiya lau?"

Colette tana bakin ƙofa, kuma na san ko za a shekara ba za ta tona ni ba. Wannan shirun nata ne ya fi ƙarfina. Na ce, "Ni na jawo. Gishirin matakala na zuba mata a baho, gwangwani huɗu, na kuma ɓoye." Na kwashe komai na faɗa, tun daga jar fitila har ƙuraje.

Halina ta daɗe tana kallona. "Gishirin matakala," ta ce. "Ni ka mayar titi?"

Taras bai yi dariya ba. Ya ce ruwan zafi ba magani ba ne, kuma ba zai bar rayuwar uwarsa a hannun fitila da gwangwanin kofi ba. Gaskiyarsa ce.

"Ni ban san aikin likita ba," in ji Colette. "Ruwa na sani. Duk awa zan gwada. Tunda ka yi tafiyar awa uku, ka zauna ka gani da idonka, sannan ka yanke abin da za ka yanke."

Sha biyu, bai sauka ba. Ƙarfe ɗaya, saura kaɗan, har na buɗe baki ta kalle ni na rufe. Tana da gidaje uku da ke jiranta ranar, na ji ta tana kiransu ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Ƙarfe biyu da rabi ta tsoma tsinke, ta ƙi dubawa, ta miƙa wa Taras tare da kwalbar.

"Karanta mini. Wane gidan launi ya faɗa?"

Ya kara, ya matso da shi kusa da ido. "Na uku."

"Na ukun ake nema. Ɗauko mamanka."

A hannu ya ɗauko ta kamar jaririya, a naɗe da bargo, ya saukar da ita cikin ruwa a hankali. Ta rufe ido. Mu uku muka tsaya a cikin tururi muna kallo. Wajen minti bakwai na ga yatsun hannunta na dama sun fara buɗewa a ƙarƙashin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Ni na saba gani kullum har na daina lura, amma Taras bai taɓa gani ba, don duk zuwansa sai ta riga ta fito yake tashi daga barci. Ya durƙusa a kan ƙanƙara yana kallon hannun.

Da minti ashirin suka cika ya miƙa hannu zai ɗago ta. Ta buge hannun. Ta kama ƙarfen gefe ta miƙe, ta taka matakala uku ta sauko, ta karɓi tawul a hannuna ba ta ko dube ni ba, ta shige ciki da ƙafarta. Kafin mu rufe murfi mu bi ta, ta sa riga, ta ɗaura atamfar girki, ta zuba fulawa a kwano.

Taras ya zauna a teburin kicin yana kallon karkatattun yatsun nan suna matse bakin pirogi ɗaya bayan ɗaya. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Can ya ce, "To, zuwa bazara, Mama. Sai mu sake magana."

"Wace bazarar? Miƙo mini dankalin can."

Ya juya wurin Colette ya ce ta koya masa duk abin da ta sani, shi ma ya riƙa bibiya daga can. Ta ce ba sai an wahalar da shi ba, akwai mutum a tsallaken titi da ba zai sake kuskure ba har ya mutu. Ta ciro sabuwar kwalbar tsinken gwaji ta dangwara a gabana. Kullum da safe kafin Anti ta shiga, in ji ta, kuma duk wata in ciro farantan in duba. Na raka ta mota ina neman kalmar ba da haƙuri, na rasa. Ta tayar da inji ta ce in matsar da buhun nan daga barandar baya, ta ja motarta ta tafi gidan da ke jiranta tun safe.

Ranar Lahadi da Taras zai koma, ya buɗe bayan mota ya tsaya yana kallon kwalayen.

"Kawu, kana da buƙatar kwali?"

Na kwashe su duka na kai gareji. Bazara ta zo ta wuce, wani hunturun ya shigo, Halina tana gidanta tana yi mini faɗa. Duk farkon wata nakan ɗauko ɗaya daga cikin kwalayen nan in shimfiɗa a baranda, a kansa nake durƙusawa in ciro farantan.